Ka ɗaga Ubuntu, manhaja ta ce ba ta ga libssl.so.1.1 ba: abin da ke faruwa a ƙasa

Ranar da wannan matsala ta fara kama ni da gaske, wata 'yar sabar ce ta wani ƙaramin wurin aiki da nake kula musu da ita, tana kan Ubuntu 20.04, wani nau'in sistem ɗin Linux, kuma ba wani aiki take yi ba illa ajiye bayanan ciniki da fitar da rasit na PDF. Na yi mata afgired zuwa 22.04 da daddare bayan an tashi aiki, komai ya tafi sumul, na kashe na kunna, shafi ya buɗe, na shiga na fita, na je na kwanta. Washegari wajen ƙarfe takwas da rabi waya ta fara ruri, wai rasit ya ƙi fita, ga mutane tsaye suna jira. Da na leƙa log ɗin sai na tarar da layi ɗaya yana ta maimaita kansa:

error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file: No such file or directory

Duk wanda ya taɓa ɗaga sistem ɗin Linux daga wata siga zuwa wata ya san irin wannan layi, ko da sunan fayil ɗin ya bambanta. Kuma abin da yawancinmu muke yi shi ne mu kwafe shi mu zuba a Google, mu ɗauki amsar farko da muka gani mu manna a taminal. Ni dai ina ganin a nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ta afgired ɗin kansa, domin layin nan ya riga ya faɗa maka kusan komai, wane ne yake nema, me yake nema, kuma a wane mataki aka tsaya, karanta shi ne kawai ba mu yi.

Manhajar da ka girka ba ta ɗauke da dukan kayan aikinta a cikinta. Idan tana son ta yi magana da wata sabar a ɓoye ta hanyar HTTPS, ba ita ta rubuta lissafin ɓoye saƙon ba, aro take yi daga laburaren OpenSSL da ke zaune a sistem, kuma manhajoji da yawa ne suke aro daga wannan fayil guda. A cikin kan fayil ɗin manhajar akwai jerin sunayen laburaren da take buƙata, an rubuta su tun ranar da aka gina ta, kuma za ka iya ganin su da idonka idan ka buga readelf -d da sunan fayil ɗin, duk layin da ke da NEEDED a jiki laburare ne. Lokacin da ka kunna ta, kafin ko layi ɗaya na kod ɗinta ya gudu, akwai wani ɗan furogiram da ake kira loda, a kwamfutocin 64-bit na Intel da AMD yana zaune a /lib64/ld-linux-x86-64.so.2, shi ne yake ɗaukar jerin nan ya bi ɗaya bayan ɗaya yana nemo su. In ya rasa ko guda ɗaya sai ya tsaya cak ya buga wancan saƙon. Wato manhajarka ba ta lalace ba, ko farawa ma ba ta yi ba.

To yanzu lambar nan da ke ƙarshen sunan, wato 1.1, ita ce zuciyar maganar. Ba ado ba ce. Kamar bakanike ne ya aike ka kasuwa ya rubuto maka lambar fat a takarda, mai shago ya ce babu wannan lambar amma ga wani sabo wanda ya fi shi kyau, to kyansa ba shi ne maganar ba, maganar ita ce ko zai zauna a mazaunin tsohon. Masu rubuta laburare suna canza wannan lamba ne idan sun yi canjin da manhajar da aka riga aka gina ba za ta iya jurewa ba: sun cire wani fankshin, ko sun canza masa suna, ko sun canza girman wani tsarin bayanai da yadda aka jera shi a memori. Wannan yarjejeniya ta matakin injin ita ake kira ABI, sunan mai lamba kuma SONAME. Muddin lambar ba ta canza ba, za a iya yi wa laburaren gyaran tsaro sau ɗari ba tare da manhajarka ta ko sani ba. Ranar da ta canza, sai an sake gini.

Abin da ya faru da OpenSSL ke nan. Ubuntu 20.04 ta zo da OpenSSL 1.1.1f, fayilolinsa libssl.so.1.1 da libcrypto.so.1.1. A watan Satumba na 2021 aka fitar da OpenSSL 3.0, sai Ubuntu 22.04 da ta fito a Afrilun 2022 ta ɗauke shi, fayilolin suka koma libssl.so.3 da libcrypto.so.3. Ba shi kaɗai ba ne ma, libffi.so.7 ya koma libffi.so.8, Python ya tashi daga 3.8 zuwa 3.10, glibc, babban laburaren C da kusan kowace manhaja take dogara da shi, ya tashi daga 2.31 zuwa 2.35.

Sai mutum ya ce to me ya sa curl da ssh da git da burauza duk suke aiki lafiya lau bayan afgired, sai abu ɗaya ko biyu ne kawai suka mutu? Amsar wannan tambaya ita ce rabin maganin. Duk abin da ya zo ta hannun apt, wato furogiram ɗin da ke girka fakeji, daga rumbun Ubuntu, an sake gina shi a kan sababbin laburaren kafin a fitar da sigar, suna tafiya tare kamar ayari. Abin da ke mutuwa shi ne abin da apt bai san da zamansa ba: wanda ka sauke a matse ka kwance a /opt, wanda ka gina da hannunka ka yi masa make install ya zauna a /usr/local, Python ɗin da pyenv ya gina maka ko Ruby ɗin rbenv (furogiram ne masu girka sigogin waɗannan harsuna daban da na sistem), fakejin pip na Python ko npm na JavaScript da aka haɗa da kod ɗin C a kan injinka, da kuma kayan PPA, wato rumbunan wasu mutane da ka ƙara wa apt, waɗanda umarnin afgired ɗin, do-release-upgrade, yake kashe hanyarsu tun a farkon aiki. A nawa lamarin, ɗan furogiram ɗin da ke haɗa PDF a /opt yake, shekara biyu da suka wuce na kwance shi a wurin. Can wajen ƙarshen afgired akwai tambayar da ake yi, ko a cire fakejin da suka tsufa, na danna y, apt ya duba littafinsa bai ga kowa da ke buƙatar libssl1.1 ba, ya share shi. A iya saninsa daidai ya yi. Shi ya sa ma za ka ga mutum biyu sun yi afgired iri ɗaya, na ɗaya komai yana aiki na ɗayan ya tsaya, bambancin amsar da kowa ya ba wa tambayar nan ce.

Saboda haka tambayata ta farko kullum ita ce, abin nan da ya mutu daga ina ya zo? Ka buga dpkg -S da cikakkiyar hanyar fayil ɗin, in ya faɗa maka sunan fakej to na apt ne, in ya ce bai san shi ba to kai ka kawo shi, kuma kai za ka sake gina shi ko ka nemo sabon gini. Bayan nan sai ldd, wanda zai jero maka kowane laburare da inda aka samo shi, wanda aka rasa kuma a rubuta not found a gabansa. Kar ka tsaya kan not found kaɗai, ka duba hanyoyin waɗanda aka samu ɗin ma, domin sau da yawa ɓarawon yana cikinsu, ka ga laburaren da ya kamata ya fito daga /usr/lib/x86_64-linux-gnu yana fitowa daga /usr/local/lib ko daga wata folda a cikin gidanka. Wani abu kuma, ldd ba a yi wa fayil ɗin da ba ka yarda da asalinsa ba, littafin bayaninsa da kansa ya yi gargaɗin cewa a wasu yanayi yana iya kunna abin, ga irin wannan sai ka yi amfani da objdump -p ko readelf, su karatu kawai suke yi.

Akwai kuma laburaren da ldd ba zai taɓa nuna maka ba, waɗanda manhaja take buɗewa da kanta a tsakiyar aiki ta hanyar dlopen. Shahararren misali shi ne AppImage, wato manhajar da ake rabawa a fayil guda ba sai an girka ba, a 22.04, da ka danna sai ya ce ya kasa loda libfuse.so.2, saboda sabon girkin Ubuntu ya koma fuse3. Maganinsa girka libfuse2 ne kawai. Amma fa a kula, libfuse2 aka ce, ba fakejin da sunansa fuse zalla ba, wancan yana korar fuse3 ne ya tafi da wasu kayan destof a bayansa, mutane da yawa sun ƙone a nan. Ga irin waɗannan ɓoyayyun, abin da na fi dogara da shi shi ne in sa LD_DEBUG=libs a farkon umarnin, loda zai zubo maka duk folda da ya leƙa da abin da ya tarar a ciki, layi bayan layi, har inda ya gaji.

Leƙen nan kuma yana da tsari. Loda yana fara duba RPATH, jerin foldoji da ake dasawa a cikin fayil ɗin manhajar lokacin gini, idan an dasa shi kuma babu ɗan'uwansa RUNPATH, sai foldojin da ke cikin LD_LIBRARY_PATH, sai RUNPATH, sai rajistar da ke /etc/ld.so.cache, daga ƙarshe sai foldojin sistem na asali. Rajistar nan ldconfig ne yake rubuta ta daga abin da ke /etc/ld.so.conf.d, in ka ajiye laburare a /usr/local/lib ba ka buga sudo ldconfig ba, fayil ɗin yana nan ido na ganinsa amma loda zai ce babu. Ka buga ldconfig -p ka tace da grep, abin da ka gani a nan shi ne abin da loda ya sani. Kuma ka duba .bashrc ɗinka, wallahi LD_LIBRARY_PATH ɗin da mutum ya sa shekara uku da suka wuce don gyara wata matsala ya manta da shi, yana cikin abubuwan da suka fi cin lokacin mutane.

Yanzu bari in zo kan shawarar da ta fi yawo, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Za a ce maka ai da sauƙi, ka yi simlink, ka ƙirƙiri suna libssl.so.1.1 ya riƙa nuni zuwa libssl.so.3, shi ke nan. Kama da wane ba ta wane. Abin da ka yi shi ne ka goge lambar fat ka rubuta wadda bakanike yake nema, ƙarfen bai canza ba. A OpenSSL ma ka yi sa'a, domin kowane fankshin nasu yana ɗauke da tambarin siga, sai loda ya kama ka nan take ya ce version OPENSSL_1_1_0 not found. Ko da babu tambarin, akwai sunayen da suka ɓace gaba ɗaya: SSL_get_peer_certificate ya koma SSL_get1_peer_certificate, tsohon sunan a fayilolin heda, waɗanda komfaila yake karantawa lokacin gini, kawai aka bar shi don masu sabon gini, FIPS_mode kuma an cire shi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne laburaren da ba shi da irin wannan tambari. Manhaja za ta tashi, ka ga kamar an gyara, ka rufe kwamfuta, sai bayan sati biyu ta fara faɗuwa da segmentation fault a wani lungu da ba ya da alaƙa da komai, ko ta riƙa karanta bayani daga gurbin da ba nasa ba tana ba da amsar da ba daidai ba shiru, kuma a lokacin ka manta da simlink ɗin, wanda zai gaji injin bayanka kuwa bai ma san an yi ba. Kuskuren da ya fito fili ya tsayar da aiki ya fi wannan sau dubu.

Ba na cewa simlink haramun ne a ko'ina. Akwai wurin da yake da hujja, amma sai ka san dalilin canjin sunan. A Ubuntu 24.04 an yi wani babban sauyi saboda matsalar shekarar 2038, wato ranar 19 ga Janairun 2038 da agogon 32-bit zai cika ya zube, sai aka sake wa fakeji da yawa suna da t64 a ƙarshe, libssl3 ya zama libssl3t64, libasound2 ya zama libasound2t64. Yawancinsu sunan fakejin ne kawai ya canza, fayil ɗin ciki yana nan yadda yake. Amma libaio har sunan fayil ya koma libaio.so.1t64, sai duk abin da ke neman libaio.so.1 ya tsaya. A injin 64-bit lokaci dama can 64-bit ne, tsarin bai motsa ba, don haka simlink a nan yana da tushe. Ka ga bambancin, a nan ka san abin da ya canza da abin da bai canza ba, a can kuwa fata kawai kake yi.

Shawara ta biyu da ake bayarwa ita ce ka sauko da tsohon fakejin libssl1.1 na 20.04 ka girka. Wannan yana aiki, kuma a fasahance ba laifi ba ne, ai dalilin lambar ke nan, 1.1 da 3 suna iya zama a folda ɗaya kowa da masu nemansa. Matsalar ita ce wa zai riƙa yi masa gyara. Masu OpenSSL sun daina ba 1.1.1 gyaran tsaro na kyauta tun Satumban 2023, tallafin gama-gari na Ubuntu 20.04 ma ya ƙare a Mayun 2025, saura sai ta Ubuntu Pro, tsarin ƙarin tallafi da sai ka yi rajista, kuma fakejin da ka girka da hannu a kan 22.04 babu wani apt upgrade da zai waiwaye shi. Laburaren da ke tsaron sirrin kwastomominka ne fa. Ni na yarda da shi a matsayin agajin gaggawa, a tayar da aiki yau, a rubuta a wani wuri cewa an yi, a sa ranar cirewa. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne ƙara rumbun focal, wato 20.04, gaba ɗaya a cikin jerin hanyoyin apt na jammy, wato 22.04, a bar shi, wannan gauraya sigogi biyu ne, kuma ranar da za ta fashe ba za ka san ta ina za ka fara ba.

Gyara na gaskiya dai sake gini ne. In pyenv ne, ka girka libssl-dev da libffi-dev na sabon sistem, ka cire Python ɗin ka sake girka shi. In manhajar wani kamfani ce, ka koma wurinsu ka ɗauko ginin da aka yi don 22.04. Wani lokaci dole sai ka ɗaga ita kanta manhajar, misali Ruby sai daga 3.1 ne ya fara tafiya da OpenSSL 3, .NET kuma daga 6, tsofaffin .NET ne ke cewa No usable version of libssl was found. In kuma tsohuwar manhaja ce da babu mai kula da ita kuma ba a iya rabuwa da ita, ka sa ta a kwantenar Docker mai tsohon Ubuntu a ciki, ita da tsofaffin laburarenta a ɗaki ɗaya, kar su shafi sauran gidan.

Masu Python suna da nasu ƙarin ciwon kai. Foldar venv, inda ake keɓe wa kowane aiki nasa fakejin, ba ta ɗauke da Python a cikinta, simlink ne kawai zuwa na sistem, fakejin kuma suna cikin lib/python3.8/site-packages. Da afgired ya kawo 3.10, ko dai simlink ɗin ya zama yana nuna abin da babu, ko kuma sabon Python ya tashi ya leƙa python3.10 ya tarar wayam, sai ka ga ModuleNotFoundError a kan abin da ka san ka girka. Kar ka ɓata lokacin lallaɓa shi, goge venv ɗin ka sake sabo daga requirements.txt. Kuma in sigar Python ɗin ba ta canza ba, ka ƙara --no-cache-dir, domin pip yana ajiye abin da ya taɓa ginawa, zai iya ɗauko maka wanda aka ɗaure da tsohon laburaren ya sake girka maka shi, ka yi ta mamakin me ya sa saƙon bai canza ba.

Akwai saƙo iri na biyu da yake kama da na farko amma labarinsa a juye yake: version GLIBC_2.34 not found. A nan an sami fayil ɗin, libc.so.6 yana nan, amma ya tsufa ga abin da ake nema. Yawanci yadda yake faruwa shi ne ka ɗaga laftof ɗinka zuwa 22.04, ka gina manhaja a kai, ka tura ta sabar da har yanzu take 20.04. glibc yana riƙe alƙawari ta fuska ɗaya ne kawai, abin da aka gina a tsoho zai gudu a sabo, wanda aka gina a sabo ba lallai ya gudu a tsoho ba. Lambar 2.34 tana yawan fitowa ne saboda a wannan sigar ta Agustan 2021 aka haɗe libpthread da libdl cikin libc, kuma fankshin ɗin da ke tayar da kowane furogiram, __libc_start_main, ya sami sabon tambari, don haka ko furogiram mai layi uku ka gina a 22.04 zai nemi 2.34. Magani shi ne ka yi gini a kan sistem mafi tsufa da kake son abin ya gudu a kai, kwantena ta isa wannan. Dabarar da masu fakejin Python suke yi ke nan, manylinux2014 a kan CentOS 7 mai glibc 2.17 aka kafa shi don gini ɗaya ya yi aiki kusan ko'ina.

Don Allah, duk abin da za ka yi, kar ka taɓa libc.so.6 na sistem da hannu. Kar ka goge shi, kar ka sauya masa suna, kar ka kwafo na wani inji ka ɗora a kai. Garin neman gira za ka rasa ido, domin ls da cp da mv da sudo duk a kansa suke tsaye, da ka motsa shi ko umarnin da za ka mayar da shi ba zai tashi ba, sai dai ka nemo filasha ka but daga waje, in sabar tana wata ƙasa kuma ka shiga uku.

Ɗan'uwansa shi ne GLIBCXX_3.4.30 not found, wannan na C++ ne, kuma masu Anaconda, wani kunshin Python mai nasa furogiram ɗin girka fakeji da ake kira conda, sun fi kowa saninsa. Sistem ɗin 22.04 yana da libstdc++.so.6 da ya kai wannan tambari, na GCC 12 ne, amma conda yana da nasa kwafin a cikin foldarsa wanda zai iya zama tsoho, kuma shi ake fara lodawa. Sai wani laburaren sistem da aka gina da sabo ya shigo ya tarar tsoho ya riga ya zauna. Ka karanta saƙon da kyau, yana faɗin cikakkiyar hanyar fayil ɗin da ya gaza, da ka ga anaconda3 ko miniconda3 a ciki ka san inda za ka dosa, sabunta libstdc++ na cikin conda za ka yi, ba na sistem ba.

Iri na uku kuma ba lokacin kunnawa yake zuwa ba, lokacin gini ne, wato ka bi shawarata ka zo sake gini sai linka, wanda yake ɗaura kod ɗinka da laburare, ya ƙi. In ya ce cannot find -lssl, fakejin da ke da -dev a ƙarshe ne babu, shi ne yake kawo heda da sunan libssl.so marar lamba wanda linka yake nema, apt-file search zai faɗa maka fakejin da ke ɗauke da kowane fayil. In ya ce undefined reference to wani abu, akwai wurare uku da nake dubawa. Na farko jerin umarnin, domin Ubuntu tun 11.10 take amfani da --as-needed, laburare dole ya zo bayan fayil ɗin da ke buƙatarsa, -lssl kafin main.o kamar ba ka sa ba ne. Na biyu tsohuwar foldar gini, CMake yana haddace cikakkun hanyoyin laburare a CMakeCache.txt, bayan afgired yana nan yana nuna wuraren da suka tashi, goge foldar ka fara daga fari. Na uku shi ne wanda ya fi wahalar ganewa, heda daga wuri ɗaya laburare daga wani wurin, komfaila ya karanta tsohon heda da ka taɓa girkawa a /usr/local/include, linka kuma ya ɗauko sabon laburaren sistem, sunaye suka ƙi haɗuwa. In ka ga __cxx11 a cikin sunan da aka rasa, wannan tsohon rabuwar kai ne tun GCC 5 na 2015, lokacin da aka canza tsarin std::string, yana nufin an gina ɓangare ɗaya da tsohon tsari ɗayan da sabo.

Masu Mac da Windows ma ba su tsira ba, sunaye ne suka bambanta. A Mac saƙon shi ne Library not loaded daga dyld, otool -L shi ne ldd ɗinsu, kuma bayan afgired sau da yawa xcode-select --install da sake girka fakejin Homebrew ɗin da ya tsaya sun wadatar. Tun Big Sur na 2020 laburaren sistem ba sa zaune a matsayin fayiloli ɗaiɗai, an cusa su a rumbu guda, don haka rashin ganin fayil a /usr/lib ba ya nufin babu shi. A Windows kuma in aka ce VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ya ɓata, Visual C++ Redistributable za ka ɗauko daga Microsoft, ba DLL guda daga wani shafin da ba ka san mai shi ba.

Ita waccan sabar, da safen nan na sauko da tsohon libssl1.1 na girka don layin mutane ya ragu, rasit ya fara fita kafin ƙarfe tara da rabi. Da yamma na nemo ginin furogiram ɗin PDF da aka yi don 22.04, na gwada shi da rasit goma na jiya na ga sun fito daidai da na da, na buga ldd na tabbatar libssl.so.3 yake ɗauka, sannan na cire tsohon fakejin na sake kunna injin. Da lokacin ɗaga ta zuwa 24.04 ya zo, kafin in taɓa komai sai da na zauna na jera duk abin da ke /opt da /usr/local da kowane venv a takarda, na bi su da readelf ɗaya bayan ɗaya na rubuta laburaren da kowanne yake nema, na ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, na yi afgired ɗin a kan kwafi tukuna. Abu biyu suka tsaya a kwafin, venv ɗin da ke neman python3.10 da wani tsohon furogiram na firinta da ke neman libtinfo.so.5 wanda 24.04 ba ta kawo shi, na gyara su a can ranar Asabar, na ɗaga ta gasken ranar Lahadi da rana.